Malam Ɗayyabu, Mai Fito da Sunayen da Shafi Ya Haɗiye

Duk wanda ya saba bin hanyar Ƙofar Mazugal da hantsi ya san shagon, ko da bai san mai shi ba. Wani ɗan tsukuku ne tsakanin mai gyaran fanka da mai sayar da robobi, ƙofar langa-langa, ba allo ba suna. Malam Ɗayyabu yakan iso bayan rana ta ɗan ɗaga, jakarsa a hammata, ya buɗe kwaɗo, ya yayyafa ruwa ya share gaban shagonsa, har da na maƙwabta in ba su fito ba. Sai ya yaye tsohon zanen atamfar da yake lulluɓe kwamfutarsa da shi, ya goge tabarau da gefen riga, ya yi bisimilla ya zauna. Daga nan sai an kira azahar za ka sake ganin fuskarsa. Mai wucewa ƙeyarsa kawai yake gani.

In ka tambayi mai robobi me Malam yake yi a ciki, zai ce maka, "Yana dai danne-danne." Shekara da shekaru suna maƙwabtaka, iyakar abin da ya sani ke nan. Ni ma, Bahijja, da muke unguwa ɗaya, kuma tare muka tashi da marigayiya matarsa Zinariya, na daɗe ina zaton takardun neman aiki yake buga wa mutane. Sai a 'yan shekarun nan na san abin da yake yi. Ƙarshen watan nan zai rufe shagon, domin idonsa ya gaza, shi ya sa na ce bari in faɗa tun ƙofar tana buɗe.

Da tafireta ya fara, tun yana saurayi. Keken rubutun wancan zamani ba shi da ƙ, ba ɗ, ba ɓ. Sai ya gama buga takarda tsaf, ya zare ta, ya ɗauki biro ya bi layi-layi yana lanƙwasa wa kowane harafi ƙugiyarsa. Masu takardar su yi ta tsaki suna cewa ai ko babu za a gane. Shi kuwa ko a jikinsa. Zinariya takan tsokane shi, ta ce da zai ba ta rabin kulawar da yake ba haruffan nan, da ta fi kowace mace a Kano gata.

Da kwamfuta ta zo, wasu dattawan cikin birni suka kafa shafin intanet mai suna Taskar Badala, don adana tarihin unguwanni da gidaje da sana'o'i, suka damƙa masa kula da shi. Nan ya tarar tsohuwar rigimarsa ta riga shi zuwa. A shekarun farko, duk inda aka rubuta harafi mai ƙugiya, sai ya fito a shafi a matsayin ɗan akwati ko alamar tambaya. Ya zauna ya koyi cewa kowane harafi yana da lambarsa, kuma in ka kira shi da lambar, dole ya amsa. In ya rubuta &#409; sai ƙ ta fito, in ya rubuta &#599; sai ɗ ta fito. Ya haddace su kamar yadda muke haddace lambar wayar 'yan'uwa. Yanzu na'urori sun waye, yara suna danna ƙ kai tsaye ta fito, ba su ma san an taɓa shan wahala ba. Shi kuma bai taɓa tsayar da kowa ya ba shi labari ba.

Ranar da ya fara nuna mini aikin, ya cire hularsa ya juya cikinta. Ya ce, "Malama, kin ga gaba fure ne, baya kuwa zare ne da ƙulli. Haka shafi yake. Ku kuna kallon gaba, ni a baya nake zaune." A bayan nan akwai wasu alamomi da na'ura ta keɓe wa kanta. Manyansu su ne < da >, waɗanda yake kira bakin tsuntsu, da kuma &, wadda yake kira mai tanƙwashe ƙafa. Duk abin da na'ura ta gani tsakanin bakin tsuntsu biyu, sai ta ɗauka umarni ake ba ta. In ta gane umarnin ta bi, in ba ta gane ba ta haɗiye shi ta yi gum, mai karatu ba zai ga komai ba. In kana son alamar ta fito fili, sai ka sake mata kaya: ka rubuta &lt; a madadin ta farko, &gt; a madadin ta biyu, &amp; a madadin mai tanƙwashe ƙafa. Ka manta waƙafi mai ruwan nan na ƙarshe, wani lokaci na'ura ta yafe maka, wani lokaci ta watsa maka ƙasa a ido.

Aiki ne wanda in an yi shi daidai, ba wanda zai san an yi. Ba a taɓa tare Malam Ɗayyabu a hanya an ce masa an ga ƙ ta fito da kyau ba. Tun rasuwar Zinariya kuwa shirun ya ƙaru. Da daga gida ake aiko masa da abincin rana, yanzu ɗanwake yake saya a tsallaken titi, ya juya wa ƙofa baya ya ci shi kaɗai. 'Yarsu ɗaya tana aure a Gusau, ran Juma'a take bugo waya. Zanen da yake lulluɓe kwamfutar na Zinariya ne, na san shi, tare muka yi ankonsa. Duk lokacin da na ga yana naɗe shi da safe, sai in ji tausayinsa ya kama ni, in wuce da sauri kada ya gani a fuskata.

A lokacin da yake zaman makokinta ne aka ɗora wani sabon sashe a shafin ba da hannunsa ba. Wasu ɗalibai mata sun bi gida-gida a Kabara da Goron Dutse da kewaye, suna naɗar hirar tsofaffin mata, suka mayar da ita rubutu. To, kowa ya san halin iyayenmu. Ba za su faɗi sunan miji ba, ba za su faɗi sunan ɗan fari ba, sai dai "mai gidan", "yaron nan", "mai sunan Malam". Ɗaliban suka yi dabara mai kyau: duk inda tsohuwa ta kauce wa suna, sai su tambayi mutanen gidan, su rubuta sunan a gefe tsakanin bakin tsuntsu biyu, don a san ba daga bakinta ya fito ba. A takarda abin ya yi daidai. Da aka ɗora a shafi, na'ura ta haɗiye sunayen. Kuma ba wanda ya lura, domin maganar tana tafiya sumul ko babu su. Aikin ya ƙare, ɗaliban suka watse, kowa ya kama gabansa.

Ya fi shekara da dawowa kafin ya leƙa bayan ɗaya daga cikin hirarrakin, yana neman wani harafi da ya karye. Sai ya ga sunaye jingim, mazaje da 'ya'yan fari na rabin birni, zaune a duhu. Ba wanda ya sa shi gyarawa. Kuma ba abin da za a ba na'ura ta yi lokaci guda ba ne, domin umarnin gaskiya da ke riƙe da shafin ma da bakin tsuntsun ake rubuta shi, in aka sauya duka, shafin ya rushe. Dole ido ya bi layi-layi, ya bambance wannan umarni ne, wannan kuwa mijin wata ne. Ya ɗauki abin kamar yadda ya ɗauki biro da can.

Kai ne ka zauna watanni kana wannan aiki, Malam, ba mai gani, ba mai sannu. Kai ne likita ya ce ka rage kallon hasken kwamfuta, ka ce to, ka dawo ka ƙara girman rubutun ka ci gaba. Na sha yi maka faɗa a kan haka, kuma har gobe ina cewa kana da taurin kai.

Wata ranar Talata ya aiko a kira ni. Na tarar ya tsaya a kan hirar Inna 'Yardada, wata tsohuwa a Kabara, ƙawar mahaifiyata. Ya karanta mini wurin daga bayan shafi:

"Ranar da ɗakin fatu ya ci wuta, yaron nan <Mikail Nata'ala> ba ya gidan. Ni na aike shi Goron Dutse wurin ƙanwata tun da safe. Baffanninsa suka taru a soro suka ce shi ya bar garwashi. Ina bayan ƙyaure ina ji. Yana ta waiwayen ƙofar yana jira in yi magana. Ina ni ina tsaya wa ɗan fari a gaban dangin ubansa? Na yi shiru. Bai ƙara kwana uku a garin nan ba."

Duk tsofaffin Kabara sun san labarin tafiyar Mikail. Mahaifinsa Nata'ala baduku ne, bai daɗe da rasuwa ba gobarar ta cinye abin da ya bari, aka ɗora wa yaron. Ya fita da baƙin ciki, shekaru sun haura talatin ba wasiƙa ba saƙo. An taɓa cewa an gan shi a Kamaru, daga nan shiru. Abin da ba wanda ya sani shi ne uwarsa tana da shaidar da za ta wanke shi, kunya ta danne ta. Sai da ta tsufa ta faɗa wa baƙin yara masu na'urar naɗar murya, wataƙila da fatan maganar za ta yi ƙafa ta kai inda yake. Ga maganar a shafi fiye da shekara, amma babu sunan da zai ja mai ita zuwa wurin.

Na ce, "To me kake jira? Fito da shi mana."

Ya ce, "Na baya duk na fito da su ban tambayi kowa ba, don ba abin da ke cikinsu sai tarihi. Wannan kuwa sirrinta ne. Ita ba ta faɗi sunan ba, Malama. Ba zan faɗa mata shi a gaban duniya ba ta sani ba. Ki raka ni."

Bayan la'asar muka je. Ya tsaya a soro, na shiga na fito da ita tana dogara sanda, na shimfiɗa mata tabarma. Ya durƙusa ya gaishe ta, suka daɗe suna gaisawa, ta yi masa ta'aziyyar Zinariya kamar jiya aka yi rasuwar. Sannan ya shiga maganar a hankali.

"Inna, hirar da kika yi da yaran nan tana hannuna. Akwai inda kika ce yaron nan. Su sun rubuta sunansa a gefe, amma na'ura ta rufe shi. Ina iya buɗewa, ina iya bari. In na buɗe, kowa zai gani, har 'ya'yan baffanninsa. Kuma duk wanda ya nemi sunan, ko a wace ƙasa yake, yana iya faɗowa kan maganarki."

Ta daɗe tana jan zaren gefen tabarma. Ta ce, "In ka bari fa?"

"Maganar tana nan, amma ba wanda zai san da wa kike."

"Kamar ban yi ba ke nan."

Ta share ido da gefen mayafi ta ce, "Malam, ni bakina ba zai iya ba. Tun ina yarinya aka ɗaure shi, ba yanzu da tsufa zai kwance ba. Ranar da ya kamata ya buɗe ma bai buɗe ba. Amma ban taɓa jin an ce kunyar ta kai har hannun wani ba. Kai da ba ka haife shi ba, rubuta."

Ya ce, "Sai dai ban yi miki alkawarin zai gani ba, Inna."

Ta ce, "Na sani. Ni dai kada in mutu maganar tana rufe."

Washegari da safe ina tsaye a bayansa ya goge alamomin biyu, ya rubuta &lt; a gaba, &gt; a baya. Ya juya gaban shafin, sai ga sunan ya fito a tsakiyar maganar uwarsa. Aikin bai kai a sha kofin ruwa ba. Ya yi addu'a ya shafa, ya wuce hira ta gaba.

Daga nan sai jira. Kullum in ya yaye zanen, akwatin saƙonnin shafin yake fara buɗewa, ba ya samun komai sai tallace-tallace. Zafi ya wuce, damina ta sauka ta ɗauke. Inna 'Yardada ta kwanta ciwo har aka fara kiran dangi, ta kuma tashi. Ba ta taɓa tambayata ko an ji wani labari ba. In na je gaishe ta sai dai ta ce, "Ya idon Malam?" In ce da sauƙi, alhali ba sauƙin. A lokacin ya ƙara girman rubutun har kalmomi kaɗan ne ke cika fuskar kwamfutar, hancinsa kamar zai taɓa gilashin. Tsoro biyu nake ji: kada ta tafi kafin saƙo ya zo, kada kuma idonsa ya rufe ba mai buɗe akwatin.

Gab da azumi saƙon ya zo. Wata budurwa ce mai suna Ikram ta rubuto daga Yawunde, da Hausarta mai gauraye da Faransanci. Ta ce mahaifinta bai taɓa yi musu zancen Kano ba, in an tambaye shi sai ya tashi ya fita. Ita ce ta buga sunansa a waya tana neman dangi, ta faɗo kan hirar wata tsohuwa. Ta karanta masa. Ya ce ta maimaita wurin, ta maimaita. Ya karɓi wayar ya kalli sunansa da idonsa, ya shiga ɗaki ya rufe ƙofa. Tana tambaya ko tsohuwar tana da rai. Malam ya mayar mata da amsa cewa tana nan.

Ranar da suka iso Kano, gidan Inna ya cika har ba masaka tsinke. Mikail ya shigo da furfura a gemu, ya zube a bakin ƙofar ɗakinta. Inna 'Yardada ta kawar da kai gefen bango ta ce, "An zo lafiya? Ya hanya?" kamar wani baƙon da ya zo daga Fagge. Amma da ta ɗauki moɗa za ta tura masa ruwa, sai da rabi ya zube a ƙasa. Sai ta jawo budurwar kusa da ita.

"Ke kuma wa sunanki?"

"Ikram ake ce mini, Kaka."

"Na yanka fa?"

Yarinyar ta kalli ubanta. Kansa a sunkuye ya ce, "Mai sunanki ce, Inna. Tun da aka raɗa mata ban taɓa kira ba."

Tsohuwa ta rungume jikarta, ta yi kukan da ba za ta iya yi a kafaɗar ɗanta ba. Ba wanda bai yi hawaye ba a tsakar gidan nan. Aka yi ta salati, ana cewa ikon Allah, ana sa wa ɗaliban albarka, ana sa wa mai ƙera waya albarka, har wani dattijo ya sa wa intanet albarka gaba ɗayanta. Malam Ɗayyabu ba ya wurin. Na gaya masa tun da safe, ya ce taron dangi ne, kuma akwai sauran sunaye. Cikin mutanen da suka cika gidan, ba wanda ya san akwai wani da ya kamata a nema.

Inna dai ta sani. Da hayaniya ta lafa ta yafito ni ta ce, "Mai hannun nan fa?" Ta sa aka zuba waina da miyar taushe a kwanonta na kanta, ta ce in kai masa da zafinta.

Na same shi shi kaɗai, fuskarsa manne da gilashi. Na ba shi labari tun daga farko. Ya cire tabarau ya yi ta gogewa, ya daɗe bai mayar ba. Can ya ce, "Ta kira sunan?" Na ce a'a. Ya ce, "Ba komai. Yana nan a rubuce." Ya jawo kwanon ya buɗe. Rabonsa da girkin gida an daɗe, kuma ran nan ƙofa ya fuskanta ya ci.

Ya gama fito da sunayen kafin salla. Yanzu shafin zai koma hannun Ladi, wata matar aure da ta karanci kwamfuta, ya kuma yaba da hankalinta. Ita ce ta kira ni makon jiya ta ce in zo in ga wani abu. A can ƙasan bayan kowane shafi da ya taɓa gyarawa, akwai layi ɗaya, irin wanda malamanmu masu kwafar littafi da hannu suke rubutawa in sun kai ƙarshe. Sai dai shi ya sa nasa cikin alamar da ke gaya wa na'ura kada ta nuna wa kowa:

<!-- Ɗayyabu ne ya gyara. Wanda ya gani ya sa shi a addu'a, shi da Zinariya. -->

Shekaru yana rubuta wannan roƙo a inda ba mai zuwa sai shi. Na tambaye shi me ya sa bai fito da shi gaba ba, shi da ya fi kowa sanin yadda ake yi. Ya yi dariya ya ce, "Gaba wurin masu magana ne, Malama. Ni mai gyara ne."

To, Malam, ka yafe mini, ni ban tsaya neman izini a soro ba. Kai ne ka lanƙwasa wa haruffanmu ƙugiyarsu lokacin da ake ce maka ko babu za a gane. Kai ne ka ƙarar da ganinka kana fito da mazajen mutane da 'ya'yansu daga duhu. Kai ne ka durƙusa gaban tsohuwa kana neman izinin aikin da ba wanda zai tuhume ka in ka yi ko ka bari. Mun gode, mun gode ƙwarai. Allah Ya saka maka da mafificin alheri, Ya ba ka lafiyar ido, Ya kai haske kabarin Zinariya.

Ku kuma matasa masu gina shafuka, ku yi koyi da shi. Ku riƙa juya hula kuna duba baya, domin abin da na'ura ta haɗiye yana iya zama ɗan wata ne. Sauran masu karatu kuwa, ga layin nan na fito muku da shi fili, kun gani, kun san abin da ya roƙa. In hanya ta bi da ku Ƙofar Mazugal kafin wata ya ƙare, ku tsaya tsakanin mai fanka da mai robobi ku yi sallama. Ba lalle ya gane fuskarku ba, idon ya yi nisa. Ku dai kira sunansa da ƙarfi, zai juyo.